Iri, Reshe da Kututture: Yadda Shuka Ke Rayuwa a Gidajen Maijirgi

Tun shekarar 1975 Nijar take haɗa bikin samun 'yancin kai na ranar 3 ga Agusta da dashen itatuwa. Ranar manya kan fito da manyan riguna, a jera 'ya'yan itatuwa cikin baƙar leda, a haƙa ramuka, a ɗauki hoto. Mai son sanin sakamakon aikin sai ya dakata har watan Afrilu, lokacin da rairayi ke ƙona tafin ƙafa, ya koma ya ƙirga abin da ya rage. Sau da yawa ramukan kawai zai tarar, da guntayen ƙayar da iska ta watsar. Amma in ya leƙa ta saman dangar wani gida a cikin gari, zai ga zogale ya ɗara mutum tsawo, ga lalle a gefen makewayi, ga cediya a ƙofar zaure tana ba tsofaffi inuwa. Waɗannan ba a yi musu biki ba, kuma ko dala ba a kashe wajen sayen su ba.

Maijirgi na gabas da Tasawa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi ta nufi Damagaram. Masu karatun tarihi sun san sunan garin saboda watan Yulin 1899, lokacin da sojojin Turawan mulkin mallaka Voulet da Chanoine, bayan ƙone-ƙonen garuruwan da suka yi ta yi tun daga bakin Kwara, suka juya wa shugabannin nasu baya suka harbe su a wannan yanki. Manomi kuwa abin da ya sani game da wurin daban ne: jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwan shekara a wajen Tasawa yana kaiwa milimita 400 zuwa 500, kuma yana raguwa in aka yi arewa cikin ƙasar Mayahi. Sauƙin da ake da shi shi ne Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ya ratsa ƙasashen Tasawa da Mayahi, inda ruwan ƙasa ya fi kusa kuma goruba ta yi sarauta. A kan tudu kuwa akwai ƙauyukan da sai guga ta yi gaba ashirin ko talatin kafin ta taɓa ruwa.

Lissafin jarka

Duk maganar lambu a irin wannan ƙasa daga rijiya take farawa. A rani, murabba'in mita ɗaya na kayan lambu yana shan lita 6 zuwa 8 kowace rana. Fangali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5, wanda ko rabin tsakar gida bai kai ba, zai buƙaci jarka uku ta lita 25 kullum. Tumatir kuwa daga dashe zuwa ƙarshen tsinka yana cin fiye da wata uku. Wato wajen jarka 300 ke nan, kuma kowa ya san a kan wa ɗaukarsu za ta faɗa.

Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani da ƙarfinta: aka gina rijiyoyi, aka raba irin shu da salati da karoti. Shirin ya ceci mutane da dama, kuma har yau ana cin moriyarsa a fadamun Gulbin Maraɗi da Jiratawa. Sai dai ya bar wata fahimta a zukatan mutane, cewa garka ba ta cika garka ba sai da shu da salati. A bakin gulbi wannan daidai ne. A gidan tudu kuwa, inda ruwan sha ma sai an yi layi, wahala ce kawai. Abin da ya dace da irin wannan gida shi ne shukar da za ta ci gajiyar damina ta tura saiwa ƙasa, ta yadda in rani ya zo ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ya ishe ta. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga itacen da ya fi kowanne ƙoshi yana tsaye ne inda maigida ke alwala, ko kusa da mazaunin randa.

Irin da ke cikin ƙulli

Kayan miyan damina ba su taɓa zama matsala ba. Kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa da lalo, duk iri ne da uwa ke ba 'yarta, maƙwabciya ta ba maƙwabciya. Tafasa da gasaya ma ba sa jiran a shuka su. Dabarar ajiyar ta daɗe: a bar 'ya'yan farko masu kyau su bushe a jikin uwa, a ɓare, a gauraya da toka, a zuba a gora ko kwalba a toshe, a ajiye inda zafin rana ba ya kaiwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cinye na farko a bar na ƙarshe don iri, alhali na ƙarshen su ne raunana. Shekara kaɗan ana haka sai a ce kuɓewar gidan ta lalace.

Irin kanti wani abu ne daban. Akwai tumatir irin su Roma da UC 82, waɗanda in ka cire iri daga 'ya'yansu za su sake ba ka kamanninsu. Akwai kuma masu alamar F1 a jikin takarda ko gwangwani, waɗanda kamfani ya haɗa daga iyaye biyu. Suna da yabanya, amma 'ya'yan da aka cire daga jikinsu ba sa maimaita halin uwa, kowane tushe da tasa kalar. Mai sayarwa a kasuwa ba lallai ya gaya maka ba, musamman in ya buɗe gwangwanin yana aunawa da cokali. Irin albasa shi ya fi kowanne saurin mutuwa: a zafin wannan ƙasa da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. Gwajin iri ba ya cin kuɗi. A ƙirga ƙwaya goma, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda ko kwana goma. In bakwai ko takwas sun tsiro, iri ne. In uku ne, an yi asarar kuɗi amma ba a yi asarar jarka 300 ba.

Lokaci ma yana da hukuncinsa. Tumatir yana zubar da fure in zafi ya haura digiri 35, don haka wanda bai yi renon irinsa a watan Oktoba ko Nuwamba ba, zai sha ganye ya rasa 'ya'ya. Ga kuma tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, da ta yi wa tumatir ɓarnar da ta sa Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a 2016. A ƙaramin fangali na gida ana iya rage ta da tsince ganyen da ta shiga, da feshin ruwan 'ya'yan dogon yaro: rabin kilo na dakakken ƙwaya a lita 10 na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace, a fesa da yamma.

Dashe mai saiwa tsirara

Da kaka ta wuce, ɗaurin dashen albasa, tumatir, tattasai da shu kan fara bayyana a kasuwanni, an tuge su daga wurin reno an karkaɗe ƙasa, an naɗe da jiƙaƙƙen buhu. A Turai ma haka ake sayar da 'ya'yan tuffa da fure, saiwa tsirara, amma su suna yi ne a tsakiyar sanyi lokacin da itace ya zubar da ganye ya yi barci. Nan babu wannan barcin. Shukar da aka tuge tana ci gaba da fitar da ruwa ta ganye alhali saiwarta ba ta sha, saboda haka kowace sa'a tana da muhimmanci. A saya da safe, a ajiye a inuwa, a dasa da la'asar, a ba da ruwa nan take. Albasa tana son kwana 40 zuwa 50 a wurin reno, har ta kai kaurin fensir, kuma ana rage mata ganye kafin a dasa. Tumatir da shu mako uku zuwa huɗu ya ishe su. Wanda ya yi tsawo ya fara fure a wurin reno ya riga ya tsufa. Karoti da kuɓewa ba sa son dashe ko kaɗan, inda za su zauna nan ake shuka su.

Wannan hanya tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: mai saye yana ganin saiwa da idonsa. Ƙasa mai rairayi gidan wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwar tumatir, kuɓewa da yalo ta bar ƙulli-ƙulli a jikinta. Shukar da ta kamu takan yi yaushi da rana ko da ta sha ruwa, mai ita ya yi ta ƙara mata ruwa a banza. Ɗauri ɗaya mai cutar ya isa ya shigar da ita fangalin da ba ta taɓa shiga ba. Duk dashen da aka ga kumburi a saiwarsa, wuta ce maganinsa. Fangalin da ya riga ya kamu kuwa a huta masa da tumatir, a sa albasa ko hatsi.

Cikin itatuwa, dogon yaro ne ya fi jure wannan dashe. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna tuge shi, su datse kai su datse saiwa, su dasa ɗan guntun a tsakiyar damina, ya kama. Gawo da bagaruwa ba sa yafe wa wanda ya taɓa musu uwar saiwa. Wannan ma shi ne babban aibin leda: in ɗan itace ya daɗe a ciki, saiwar da ya kamata ta miƙe ƙasa neman laima sai ta naɗe a gindin ledar, kuma ko an dasa ba ta warwarewa. Ganye shar a sama, a ƙasa kuwa an riga an gama da shi. Kafin a dasa na leda, a yanke gindin da wuƙa mai kaifi a cire naɗaɗɗiyar saiwar, sannan a yage ledar gaba ɗaya.

Reshe

Akwai shukokin da ba su buƙatar iri ko saiwa. Rogo da kara ake dasa shi, dankali da yaɗonsa, lalle da reshe. Cediya kuwa a sari reshe mai kaurin damtse a kafa a farkon damina, a shekara kaɗan ta zama wurin zama. Aguwa da dashi su ne shingen talaka: a kafa rassansu a jere, su yi saiwa, kuma aguwa dabba ba ta cika cin ta ba. Abokin gabar reshe gara ce, musamman in an zuba ɗanyen taki a ramin. Taki ruɓaɓɓe da toka su ne kariya.

Zogale yana karɓar hanya biyun, kuma nan ne zaɓi ke da ma'ana. Na reshe yana saurin ba da ganye, amma saiwarsa a sama take, iska na iya kayar da shi, fari na saurin taɓa shi. Na iri yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu in an binne shi zurfin gaɓar yatsa, ya tura saiwa mai kauri wadda ke ajiye ruwa. Gidan da ke da ruwa ya dasa reshe. Gidan tudu ya shuka iri da ruwan farko mai ƙarfi. In ya kai ƙugu a datse kansa, in ba haka ba zai miƙe sama ya bar mai shi tana neman sanda. Akwai irin PKM-1 da ya fito daga Tamil Nadu ta Indiya, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a Nijar, mai yawan ganye da saurin girma, amma ya fi na gida son ruwa. Kasuwar zogale ba ta mutuwa, balle da azumi lokacin da kwaɗo da dambu ke neman sa a kowane gida. Tushe biyar ko shida a lungun gida sun isa su fitar da iyali daga sayen ganye, muddin an sa ido kan tsutsar da ke saƙa a ganyensa tana cinye shi.

Kuka ma, wadda ake ganin sai jika ne zai ci amfaninta, ana iya cin ganyenta a shekarar da aka shuka ta. Ƙwayarta ce mai tauri. A jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko a ɗan kankare ɓawon, a shuka kusa da kusa a riƙa tsinkar ganye ba tare da an bar ta ta yi tsawo ba.

Abin da ke ƙarƙashin gona

Mafi arhar dashe shi ne wanda ba a dasa ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da raba 'ya'yan itatuwan da ke mutuwa. Ya tsaya a hanya yana rage wa tayoyin motarsa iska saboda rairayi, sai ya lura cewa abin da yake ɗauka ciyawa ce a gonaki tohon kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Manoma sun san da haka tun kaka da kakanni, abin da suke yi shi ne sassabe tohon duk shekara kafin shuka. Abin da aka canza kaɗan ne: a zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a bari, a sare sauran, a riƙa yi musu aski. Shi ne ake kira sassaben zamani. Tohon da ke kan tsohuwar saiwa yana yin girman da ɗan leda ba zai yi ba a shekaru, don rijiyarsa tana haƙe tun tuni.

Abin da ya biyo baya ya fi ba da darasi. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka bar dubban ɗaruruwa. Da rabon ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Dalilin ba jahilci ba ne. A dokar gandun daji ta wancan zamani itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a gonarka suka tsiro, in ka sari reshe a ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa sammaci? Sai da hannun hukuma ya sassauta, manoma suka ga itacen nasu ne, sannan aikin ya bazu da kansa daga gona zuwa gona. Ƙauyen Dan Saga na ƙasar Agye, maƙwabciyar Tasawa, ya yi suna da kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da mata da makiyaya. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam, sun ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Rinaudo ya sami kyautar Right Livelihood a 2018, shekara ɗaya da manomi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso. Doka ta biyo baya a hankali: sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai kuma dokar 30 ga Yulin 2020 da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa.

Kalgo, sabara, aduwa, gawo da magarya su ne suka fi dawowa. Magarya tana da ƙarin riba, don ana yi mata aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya wanda mai bincike Dov Pasternak ya yaɗa daga Sadore da sunan tuffar Sahel. In aka yi auren a kan kututturen da ke tsaye a gona ko a gida, an haɗa saiwar da ta san fari da 'ya'yan da kasuwa ke so. A Gulbin Kaba ma haka abin yake da goruba: kabar da ake yanka kullum don tabarma da igiya ba ta samun damar yin gangar jiki, amma in aka keɓe toho ɗaya aka hana wuƙa taɓa shi, zai tashi ya zama itace. Ƙwallon goruba kuwa sai dai a binne shi inda ake son sa, don yana tura saiwa can ƙasa tun kafin ganye ya leƙo. A kan wannan tunani ne ƙungiyar Eden ta yi aiki a ƙasar Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, tana raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci su shuka kai tsaye, ba leda ba ban ruwa.

Akuya, da mai abu

Ba fari ne ya fi kashe ƙaramar shuka a cikin gari ba, akuya ce. Da an gama girbi an saki dabbobi, duk koren abin da ba shi da kariya ya zama nasu. Keji na ƙayar magarya, tsohon kwando, tubali da aka jera, ko tsohon gidan sauro, kowanne yana aiki in akwai mai duba shi kullum. Nan ne itacen bakin hanya da na harabar ofis ke faɗuwa, na cikin gida ya tsira.

Masu duban nan kuwa galibi mata ne, kuma su ne ƙasa ta fi yi wa ƙaranci. A al'adar Maraɗi mace tana da gamana, 'yar gonar da miji ke yanka mata. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka fitar a 2006 ya nuna yadda yawan jama'a da rabon gado suka matse gonaki a kudancin jihar, har mata da yawa, musamman matasa, suka rasa gamanar. Wadda ta rasa gona, lungun gida ne ya rage mata. Amma gidan na miji ne, kuma in aure ya mutu itace ba ya bin ta. Ba abin mamaki ba ne in ta fi karkata ga yakuwa da zogale, masu biya cikin watanni, ta bar mangwaro da lemo.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun buɗe wata ƙofa: mata su haɗa kuɗin asusu su nemi fili ɗaya kusa da rijiya. Matsalar da aka sha gani ita ce filin aro ne, kuma ranar da shinge ya tsaya itatuwa suka fara 'ya'ya, mai fili ko magadansa kan tuna suna da buƙatarsa. Dokar ƙasa ta karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar kyauta, aro ko saye. Ƙungiyar da ta sami takardar kyauta ko ta saye tana iya dasa magarya mai aure da kuka. Wadda ke da ta aro, ta tabbatar an rubuta yawan shekarun a ciki, da sa hannun mai gari da shaidu, kafin ta kafa reshen aguwa na farko.